Yadda Za Ka Tantance Kuɗin da Wakilin Inshora Ya Caje Ka a Zariya

Yawancin masu mota, babur da Keke Napep a Zariya ba su taɓa taka ƙafa cikin ofishin kamfanin inshora ba, duk da cewa kowace shekara suna biyan kuɗin inshora. Abin da aka saba shi ne, idan takardun abin hawa suka kusa ƙarewa, mutum ya miƙa tsofaffin ga wani da ya san hanya, a Sabon Gari ko wajajen PZ ko kusa da inda ake sabunta lasisi, a faɗa masa kuɗi dunƙule guda, ya biya, bayan kwana ɗaya ko biyu a kawo masa takardu a manne da juna. A cikin wannan dunƙulen kuɗi akwai na gwamnati, akwai na kamfanin inshora, akwai kuma na wanda ya yi zirga-zirgar, amma da wuya mai biya ya iya cewa ga kason kowa. Wannan jagora na wanda yake so ya iya rarrabe su ne, domin ya san abin da doka ta ƙayyade, ya san abin da ake ɗora masa a kai, ya kuma san lokacin da ya dace ya ce bai yarda ba.

Wa ke da ikon ƙayyade kuɗin

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, a Najeriya harkar inshora ta Gwamnatin Tarayya ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya ta cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka Gwamnatin Jihar Kaduna ba ta yanke farashin inshora, ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari ma ba ta yankewa, balle ƙungiyar direbobi ko wani jami'i a bakin hanya. Hukumar da ke da wannan iko ita ce Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, kuma hedikwatarta na Abuja. Ita ke ba kamfanoni lasisi, ita ke ba dillalai da wakilai izinin aiki, ita ce kuma ke fitar da farashin inshorar da doka ta wajabta. Fiye da shekara 20 ana aiki da Dokar Inshora ta 2003, har zuwa watan Agustan 2025 lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta.

Amfanin sanin wannan a aikace yake. Duk wanda ya ce maka kuɗin inshorar mota ya fi tsada a Zariya saboda jiha ta ƙara wani abu a kai, bai faɗa maka daidai ba. Jiha na da nata kuɗaɗen, kamar na lasisin abin hawa da na shaidar lafiyar mota, waɗanda ke shiga asusunta ta hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jihar, kuma suna da nasu rasit dabam. Kuɗin inshora kuwa ɗaya ne daga Zariya har Fatakwal.

A wasu ƙasashen tsarin ba haka yake ba. A Amurka jihohi ne ke kula da inshora, kuma wata doka da majalisar ƙasar ta yi a 1945 ta tabbatar musu da wannan iko, shi ya sa kowace jiha ke da nata ƙa'idar game da kuɗin hidimar da wakili zai iya karɓa daga hannun mai saye. A jihar New York, alal misali, dillalin inshora ba zai karɓi kuɗin hidima bayan la'adarsa ba sai da rubutacciyar takarda wadda ta fayyace adadin, mai biyan kuma ya sa mata hannu. Na kawo wannan ne saboda hikimar da ke cikinsa ta dace da mu ƙwarai: kuɗin da aka ɗora a kan farashi, a faɗe shi tun kafin aiki, a rubuta shi, mai biya ya amince. Wannan ma'auni kana iya amfani da shi da kanka a Tudun Wada ba tare da ka jira wata hukuma ta tilasta shi ba.

Ka fara sanin wanda ke gabanka

Kafin maganar kuɗi, ka tantance matsayin wanda kake hulɗa da shi, domin mutum uku ne ke sayar wa jama'a takardar inshora kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wakili, wanda wasu ke kira ejan. Shi yana aiki ne a madadin kamfanin inshora, kamfanin ne ya naɗa shi, kuma sai da lasisin NAICOM yake aiki. Akwai dillali, wanda a ƙa'ida kai yake wa aiki, yana zagaya kamfanoni ya nemo maka wanda ya fi dacewa da bukatarka. Dillalai kamfanoni ne masu rajista, suna ƙarƙashin majalisarsu ta NCRIB, kuma su ma sai da lasisin hukumar. Na ukun shi ne ɗan aike, wanda ba shi da lasisin kowa, kawai ya san ofisoshi ya san mutane, yana karɓar takardunka ya je ya dawo. Galibin waɗanda masu abin hawa ke mu'amala da su a garin nan suna cikin rukuni na uku ne.

Ba laifi ba ne ka aiki mutum, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu riƙon amana waɗanda ke ciyar da iyali da ita. Abin lura shi ne, idan ka ba wakilin kamfani kuɗi, akwai kamfanin da za a kama da laifinsa, akwai kuma lasisin da zai iya rasawa. Idan ɗan aike ka ba, tsakaninku ne kawai, kamfanin bai san da zamansa ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi cikin ladabi ita ce: "Malam, wane kamfani kake wa aiki, kuma ko zan ga katin shaidarka?" Wakilin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, hasali ma ya saba da ita. Bayan ya faɗi sunan kamfanin, ka duba jerin kamfanonin da ke da lasisi a shafin NAICOM na intanet, ko ka sa wani ɗanka ko ƙaninka ya duba maka a waya. Idan sunan ba ya cikin jerin, maganar ta ƙare a nan, ko da takardar ta sha hatimi da launuka. An sha ganin takardu ɗauke da sunayen ƙungiyoyin gama-kai ko wasu sunaye masu kama da na sanannun kamfanoni, alhali babu mai lasisin sayar da inshora a cikinsu.

Ladan wakili yana cikin kuɗin da ka riga ka biya

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wakili da dillali suna da la'ada, wato kamasho, kuma kamfanin inshora ne ke biyansu daga cikin kuɗin inshorar da ka bayar. Tsohuwar Dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta sanya wa wannan la'ada iyaka: a inshorar abin hawa ba za ta wuce kashi 12.5 cikin 100 na kuɗin ba, a mafi yawan sauran nau'o'in, kamar na gobara da sata, ba za ta wuce kashi 20 ba, wakili kuma nasa ba zai wuce rabin na dillali ba. Idan muka ɗauki inshorar mota ta naira 15,000, kashi 12.5 ɗinta naira 1,875 ne. Ka ga ke nan kason mai sayarwa ba shi da yawa, kuma wannan ƙarancin na cikin dalilan da ke sa wasu ƙirƙiro kuɗaɗen gefe da sunaye iri-iri: kuɗin fom, kuɗin kwamfuta, kuɗin buga takarda, kuɗin ofis, kuɗin gaggawa. Ina fahimtar halin da mai sana'ar ke ciki, domin hayar shago da man janareta da kuɗin data ba sa jira, amma wannan bai ba shi damar cusa ƙarin cikin farashi ya kira shi kuɗin inshora ba.

Lamarin ya yi kama da na dillalin shanu wanda mai saniya ya riga ya ware masa la'adarsa, sannan ya juya wajen mai saye ya ɗora wani abu a kan farashin ba tare da ya faɗa ba. Da ya fito fili ya ce ga ladan wahalata, da babu mai ganin laifinsa. Ɓoyewar ce ta ɓata cinikin.

Yanzu sai farashin kansa. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2023, NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da ka lalata wa wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da mutum ke ɗaukar kayan kasuwancinsa da ita naira 20,000 ce, da iyakar diyya ta miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya naira 100,000 ne, su ma da iyakar miliyan 5. Keke Napep naira 5,000 ne da iyakar miliyan 2, babur kuma naira 3,000 da iyakar miliyan 1. Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motarka kai ma, hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka yi wa motar, wato motar naira miliyan 6 ba za ta gaza naira 300,000 a shekara ba. A cikin waɗannan kuɗaɗe an haɗa har da katin inshorar ƙasashen ECOWAS, wanda ke da amfani ga mai tsallaka iyaka da mota, don haka ka yi tambaya idan aka sake lissafa maka shi a matsayin wani abu na dabam. Farashi irin wannan hukumar na iya sauya shi da sanarwa, saboda haka duk shekara kafin ka biya ka leƙa shafinta ko na kamfanin ka tabbatar da adadin da ake kai.

Da wannan adadi a kanka, lissafin ya zama mai sauƙi. A inshorar dole, duk abin da ya haura farashin hukuma ba kuɗin inshora ba ne, ko da me aka kira shi, kuma ba ya ƙara maka ko kwabo a diyyar da za a biya ranar da tsautsayi ya faɗa.

Yadda za ka warware dunƙulen kuɗin

Idan aka ce maka sabunta takardun motarka zai ci kaza, kada ka fara da neman ragi, domin neman ragi a kan dunƙule yarda ce da dunƙulen. Ka nemi a rarraba maka shi a rubuce, ko a bayan takarda ne ko a saƙon waya: nawa ne na lasisin mota, nawa ne na shaidar lafiyar mota, nawa ne na inshora kuma a wane kamfani, sannan nawa ne nasa. Kana iya cewa, "Alhaji, don Allah a ware mini na gwamnati dabam, na inshora dabam, naka kuma ka faɗa mini kai tsaye, ba zan hana ka haƙƙinka ba." Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci, saboda tana cire wa mutumin kunyar da ke sa shi ɓoye ladansa, ta kuma mayar da maganar ciniki tsakanin mutum biyu masu mutunci.

Daga nan sai ka auna abin da ya faɗa da aikin da zai yi. Wanda zai taso daga Samaru ya shiga gari, ya bi layi, ya dawo maka da takardu har ƙofar shago, ya cancanci ladan ƙafarsa da kuɗin abin hawansa, kuma ba daidai ba ne ka tauye shi. Wanda kuwa yake zaune a ofis a matsayin wakilin kamfani, aikinsa bai wuce shigar da bayananka a kwamfuta ya buga takarda ba, wannan aikin shi ne ainihin abin da kamfani ke biyansa la'ada dominsa. Idan irin wannan ya nemi ƙarin kuɗin fom ko na ofis, ka tambaye shi ko kamfanin ne ya sanya kuɗin, idan ya ce e, ka ce a rubuta shi a rasit mai ɗauke da sunan kamfanin. Kuɗin da kamfani ya sani ba ya gudun rasit. Idan aka fara kame-kame, ana cewa wannan ba a rubuta shi, ka samu amsarka ke nan, kuma kana da damar ka biya na inshora zalla ko ka nemi wani wakilin.

Game da hanyar biya, abin da ya fi aminci shi ne kuɗin inshora ya tafi asusun kamfanin kai tsaye, ta banki ko ta shafinsa, ladan ɗan aike kuma ka ba shi a hannu ko ka tura masa dabam. Dalilin ba ƙarami ba ne. Dokar inshora ta kafa ƙa'idar cewa babu kariya sai an biya kuɗi tukuna, kuma NAICOM ta fara tsaurara aiki da ita daga 1 ga Janairu, 2013. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, idan kuɗinka ya maƙale a aljihun wanda kamfanin bai sani ba, kamfanin ba ya ɗauke da nauyin komai a kanka, ko da takarda na hannunka. Tura kuɗi asusun mutum ɗaya da sunan inshora shi ne kuskuren da ya fi jefa masu abin hawa cikin asara. Wanda ke da wayar zamani yana iya sayen inshorar dole da kansa ta dandalin NIIP na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, ko ta shafin kamfanin da ya zaɓa, a kan farashin hukuma, takardar kuma ta zo masa ta waya ya je ya buga ta a kowane shagon kwamfuta.

Arha ta fi tsada haɗari

Mutane sun fi jin zafin wanda ya caje su fiye da kima, amma a ganina wanda ya kawo farashi ƙasa da na hukuma ya fi cancantar a ji tsoronsa. Idan aka ce za a yi maka inshorar motar gida a naira 5,000 ko 7,000 alhali farashinta 15,000 ne, ka tambayi kanka daga ina cikon zai fito. Kamfani mai lasisi ba ya da izinin karya farashin da hukuma ta yanke. Abin da ya fi yiwuwa shi ne takardar jabu ce, an buga ta ne don a nuna wa jami'an hanya kawai, ko kuma an shigar da motarka a rukunin da ba nata ba, misali a yi wa motar haya inshorar motar gida, ko a yi wa mota ta Keke Napep. A nan kuɗin da ka biya gaba ɗayansa ya zama na gefe, babu ko naira ɗaya da ta isa inda za ta amfane ka.

Ana gane nauyin wannan ne ranar hatsari. A ce ka daki motar wani a Kwangila, gyaranta ya kama naira miliyan 1 da rabi. Da takardar gaskiya kamfani ne zai biya, tunda adadin bai kai iyakar miliyan 3 ba, kuma idan an ji rauni ko an rasa rai, diyyar wannan ba ta shiga cikin waccan iyaka ta dukiya ba. Da takardar jabu kuwa, kai da danginka ne za ku zauna da mai motar ana roƙo ana haɗa kuɗi, wani lokaci har a kai ga sayar da fili ko abin hawan da ake neman abinci da shi. 'Yan acaɓa da masu Keke Napep ne wannan ya fi yi wa illa, saboda kuɗin inshorarsu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ɓarnar da karo ɗaya ke iya jawowa, amma su ne aka fi sayar wa takardar da ba ta da tushe. Ban da wannan, tun 1 ga Fabrairu, 2025 rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta ƙaddamar da tsaurara binciken inshorar dole a kan hanyoyi, kuma takardar jabu ba ta fitar da mai ita daga laifin tuƙi ba inshora.

Tantancewa ba ta da wahala. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai mai suna NIID inda ake shigar da kowace inshorar abin hawa ta gaskiya. Ka shiga shafin askniid.org ka sa lambar motarka ko lambar takardar, ko ka danna *565*11# a kowace irin waya, ka bi umarnin da zai fito. Abin da za ka duba shi ne sunan kamfanin, nau'in inshorar, irin abin hawan da ranar ƙarewa, duk su dace da abin da ke kan takardarka. Ka kuma karanta takardar da kanka ka ga an rubuta sunanka da lambar mota da lambar inji daidai, domin kuskuren harafi ɗaya na iya zama dalilin jan ƙafa ranar neman diyya. Shawarata ita ce ka riƙe ladan ɗan aike, ko wani kaso nasa, har sai ka ga sunan motarka ya fito a rumbun. Wani lokaci shigarwar kan ɗan yi jinkiri, don haka ka ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka zarge shi. Idan mako ya shige babu komai, ka kira kamfanin da kanka ta lambar da ke shafinsa, ba wadda aka buga a jikin takardar ba, tunda mai buga takardar jabu lambarsa yake sakawa.

Inshorar shago, ta rance da ta Takaful

A inshorar shago ko ɗakin ajiyar kaya, kamar ta 'yan kasuwar Sabon Gari masu tsoron gobara, babu farashi guda da kowa ya haddace, domin kuɗin ya danganta da darajar kaya da yanayin ginin. A nan abin da zai kare ka shi ne takardar farashi daga kamfanin kansa, mai nuna darajar abin da aka yi wa inshora da kuɗin da za a biya, sannan ka nemi irinta daga kamfani na biyu ka kwatanta. Adadin da ke kan takardar yarjejeniya dole ya yi daidai da wanda ke kan rasit, ya kuma yi daidai da abin da ya fita daga asusunka. Idan dillali ya yi maka wani aiki na musamman, kamar ƙididdige kayan rumbu ko bin sawun diyya mai sarƙaƙiya, ya kuma nemi lada a kai, ku yi yarjejeniya a rubuce kafin ya fara, a ambaci aikin da adadin.

Masu karɓar rance a banki su duba takardar tayin rancen, domin sau da yawa ana cire kuɗin inshora tun kafin kuɗin ya shigo hannu. Jagorar cajin bankuna ta Babban Bankin Najeriya ta ce ainihin kuɗin inshorar za a cira, a kuma ba abokin hulɗa zaɓi cikin kamfanoni aƙalla uku. Ka nemi sunan kamfanin da kwafin takardar.

Ga waɗanda zuciyarsu ba ta natsu da inshorar da aka saba ba saboda dalilin addini, kuma suna da yawa a birnin Zazzau, akwai Takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idojin aiki a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful kuma suna gudanar da ita. A tsarinta mahalarta na zuba gudummawa ne cikin asusu ɗaya don taimakon wanda ya gamu da asara a cikinsu, kamfanin kuma yana kula da asusun a matsayin wakili, yana ɗaukar ladan wakilci da aka ƙayyade tun farko. Wannan lada shi ma daga cikin gudummawar yake fita, kuma ya kamata a same shi a rubuce cikin yarjejeniya. Ka tambayi kashi nawa ne, ka tambayi yadda ake raba rarar da ta saura a ƙarshen shekara ga waɗanda ba su nemi diyya ba. Tsarin da aka gina a kan kauce wa jahiltar abin da ake ciniki a kai bai kamata a samu ɓoyayyen caji a cikinsa ba, kuma kana da hujja mai ƙarfi ta neman bayani.

Idan an riga an cuce ka

Ka fara da tattara shaida: rasit, saƙon banki, hoton takardar inshora, hoton abin da rumbun NIID ya nuna, da duk saƙonnin da kuka yi musaya. Ka koma wurin mutumin tukuna, da wani dattijo ko shugaban tasha idan ta hanyarsu ka san shi, domin sau da yawa ana mayar da kuɗi a wannan mataki ba tare da hayaniya ba, kuma mutumin da za ku ci gaba da haɗuwa a masallaci da kasuwa ya cancanci a fara ba shi damar gyara. Idan wakilin kamfani ne kuma ya ƙi, ka rubuta wa kamfanin takarda, ka ambaci sunan wakilin da ranar da adadin da aka karɓa da abin da kake nema, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ko ka aika ta imel don ranar ta zauna a rubuce.

Idan kamfanin bai amsa ba ko amsarsa ba ta gamsar da kai ba, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafin jama'a, kuma ba a biyan kuɗi don shigar da ƙorafi. Adireshi da lambobinsa suna shafin hukumar. Ƙorafi a kan dillali ana iya kai shi NCRIB ma. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda ke sauraron ƙorafi kan ɓoye farashi da yaudarar mai saye a kowace harka. Batun takardar jabu kuwa laifi ne na zamba, wurin 'yan sanda ake kai shi, kuma yana da kyau ka sanar da kamfanin da aka yi amfani da sunansa. A wannan hali kada ka jira ƙarshen bincike kafin ka sayi inshora ta gaskiya, domin duk ranar da ka fita da abin hawan kafin nan, ba tare da kariya ka fita ba. Takardar ƙorafin ta zama gajeriya, shafi ɗaya ya isa, ka haɗa ta da kwafin shaidu, na asalin kuma su zauna a hannunka.